Agwagin Laraba

Ranar Juma'a, kwana casa'in da shida da binne matata, saƙo ya shigo wayarta da sunana a kai.

Ina baranda a lokacin, a kujerar gorar da ta lotsa daidai girmana, da kofin shayin da na haɗa da kaina, wanda ko kaji ba za su sha ba. Wayar tana aljihun gaban rigata. Nan take kwana, nan take wuni, tun ranar da muka dawo daga maƙabarta. Ta yi 'yar ƙararta, na ciro ta, na gyara tabarau.

"Pak Hardoyo, ina kwana. Mun san kai ne. Mamaci ba ya karanta saƙo kullum ƙarfe biyar da rabi na safe. Ngatirah ce."

Na kife wayar a cinyata. Kunnuwana suka ɗauki zafi.

Na san a shafin nan kun saba da 'yan mata masu hawaye da samari masu mota. Ni shekarata saba'in da ɗaya, abin hawana keke ne, sai baƙar laima. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da adabi a sakandare a nan Klaten ta ƙasar Indunusiya, har yau in na ratsa kasuwa Pak Guru ake ce mini, wato Malam. Littattafai sun cinye bango uku na falona. Duk cikinsu babu wanda ya gaya mini cewa in ka buɗe saƙo a guruf, kowa yana iya ganin sunanka a jerin waɗanda suka karanta. Wato wata uku cur tsofaffin mata goma sha ɗaya suna kallon marigayiya matata Warsini tana leƙa hirarsu bayan sallar asuba, ba ta cewa uffan.

Sunan guruf ɗin Agwagin Laraba. Ni na raɗa masa, ban kuwa sani ba.

Abin ya faro ne daga gwiwa. Warsini tana da shekara sittin da huɗu likita ya ce ta riƙa shiga ruwa, sai ta fara zuwa marmaron da ke bayan gonakin shinkafa, inda tsofaffi ke jiƙa jikinsu da safe. Ban hana ba. Jiƙa gwiwa magani ne, magani kuwa ya dace da tsohuwa. Amma a can ta haɗu da Bu Ngatirah (Bu muke ce wa mace babba), tsohuwar ungozomar unguwarmu, wadda ta ɗaura mata jarka biyu ta man girki a ƙugu ta ce ta ɗaga ƙafafunta daga ƙasa. Daga nan Laraba ta daina zama ranar magani. Warsini ta ɗinka wa kanta baƙin wando dogo da riga mai dogon hannu da ɗan kallabi mai kama kai. Ta sayi tabarau na ruwa, ruwan hoda, irin na yara. A bayan akurkin kaji take shanya su don kar in gani. Ina gani.

Wata Talata da yamma ta kawo mini shayi ta tsaya, ba ta tafi ba. Tun da aka haifi 'yarmu ba ta sake kiran sunana ba. Pakne take cewa, wato baban yarinya, ni kuma in ce Bune, maman yarinya.

"Pakne, gobe zan ƙetare."

"Ƙetare me?"

"Marmaron mana. Daga matakala har gindin cediya. Ba jarka." Ta murza gefen faranti da yatsa. "Ka zo ka gani."

Ko kai ban ɗaga daga littafi ba. Na ce, "Bune, ni mace na aura, ba agwagwa ba. Sa'o'inki likkafani suke tanada, ke kina tanadin kayan wanka."

Na ji daɗin jimlar, shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu. Har na maimaita ta a zuciyata, na ce ta zauna daidai. Ita kuwa ta yi 'yar dariya ta hanci, ta ce, "Shayinka zai huce," ta koma kicin.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Washegari na je. Ta fita da kamar minti goma na hau keke na bi bayanta, na laɓe a bayan rumfar mai soya ayaba, na karkato laimata ta rufe mini fuska duk da ko rana ba ta fito ba. Na ga an kwance mata jarkokin. Na ga ta saki matakala. Iyonta ba shi da kyan gani, ruwa take duka kamar mai wanki, sau biyu kanta ya nutse har na ji ƙafata ta matsa gaba da kanta. Amma ta isa. Ta kama saiwar cediya ta juyo, ta buɗe baki ta yi wata irin dariya wadda a shekara arba'in da uku ban taɓa jin ta a gidana ba.

Sai na ji haushi. Namiji mai furfura, mai littafi bango uku, yana kishi da ruwa.

Na riga ta isowa gida, na zauna na buɗe littafi, gumi yana bin bayana. Ta shigo da jiƙaƙƙen gyale ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na dawo, Pakne."

"To," na ce. "Sukari ya ƙare."

Kwana goma sha biyu bayan nan, ranar Litinin, tana tsintar tsakuwa a shinkafa farantin ya suɓuce mata. Kafin mu isa asibiti harshenta ya ɗaure. Kafin la'asar an rufe mata fuska.

A wayarta na tarar da sauran. Ashe a daren waccan Talatar ta rubuta musu, da rubutunta mai cike da kuskure: "Maigida ya ce ni agwagwa ce," ta jera fuskokin dariya uku. Nan take Bu Ngatirah ta canja wa guruf suna. Ƙasa kaɗan kuma wata ta tambaya, "Ina bidiyon ƙetarewar?" Ngatirah ta amsa, "Mai shi ta ce kar a saka."

Wato akwai bidiyo. Ku gane, hotunan Warsini da ke gidan nan duk iri ɗaya ne: tana tsaye a gefena a bikin wani, hannu a haɗe, baki a rufe. Saƙon murya ba ta yi, wai muryarta kamar ta akuya take a waya. Wata uku ke nan, na fara laluben sautinta a kaina ina rasawa. Abin da nake nema a hirar tsofaffin nan kullum safe ke nan, ko wata za ta yi kuskure ta saka shi.

Minti arba'in na yi ina tsara amsa. Na rubuta "Bayan gaisuwa mai yawa, ina mai neman afuwa bisa kutsen da", na goge. A ƙarshe na tura: "Ni ne. Ku yi haƙuri."

Wayar ta hau rawa a hannuna.

"Alhamdulillahi!" in ji wata Bu Painem. "Ni har sau biyu na sa aka yi mata addu'a, na zaci wani abu take nema."

"Ni na faɗa muku tun farko. Warsini ba ta taɓa yin shiru haka ba."

"Pak Guru, ka gyara mana rubutu mana tunda kana nan."

Sai saƙon Ngatirah ya shigo ta gefe, ni kaɗai: "Bidiyon kake so."

"Idan babu damuwa, Bu."

"Akwai. Wayata tana rataye a wuyana cikin leda, ni kuma ina cikin ruwa ranar Laraba daga shida zuwa takwas. Mai so ya shigo."

Ban iya ruwa ba. Ko a kwalekwale idona a rufe nake zama. Kuma Laraba ɗaya tak ta rage mini a garin nan, domin tun safiyar ranar 'yata Tyas ta turo daga Jakarta:

"Baba, na sayi tikiti. Alhamis, jirgin ƙasa na safe, bayan addu'ar kwana ɗari."

"Kwali ɗaya na littattafai kawai, ɗakin ba shi da girma."

"Na saya maka kujera mai tausa, na sa ta gaban taga. Ka huta haka nan. Ka sha maganin hawan jini?"

Gidanta a hawa na goma sha huɗu yake. Daga can mutum zai iya kallon duniya ba tare da ta taɓa shi ba. Aikin da na yi shekara saba'in ina yi daga ƙasa ke nan, don haka ban yi musu ba.

Ranar Lahadi ta iso, da akwati mai taya da kwalaye a naɗe. Ta shiga kicin ta fito da wani kwano mai hawa uku a hannu.

"Wannan ba na Mama ba ne."

"A bakin ƙofa nake tsintarsa duk Asabar. Miyar soto, da tempe na waken soya soyayye, wani lokaci kifi."

"Wa ke kawowa?"

"Ban tambaya ba. Ina wankewa in mayar inda na gan shi."

Ta dube ni irin kallon da take yi wa ƙananan ma'aikatanta.

Talata da hantsi na ji ƙarar babura a tsakar gida. Na leƙa ta taga. Gyale goma sha ɗaya, duk ruwan ɗorawa, launin ɗan tsakon agwagwa. A ƙasar nan mutum uku ba sa haɗuwa sau biyu ba su ɗinka anko ba. A gabansu wata gajeriya mai faɗin kafaɗa ta cire hular kwano ta rataye a madubin babur. Shekararta saba'in da huɗu, takalmin gudu ne a ƙafarta, muryarta kuwa ta kwandastan mota ce.

"Pak Guru, ka rame. Shayinka ne ko halinka?"

"Sannunku da zuwa, Bu Ngatirah."

"Ina albasa?"

Tyas ta ja ni gefe. "Baba, wa ya gayyato waɗannan?"

"Ba a gayyatar masu taya girkin sadaka, Nduk. Kin daɗe a birni." Nduk muke ce wa 'ya mace a nan.

Kafin azahar kicin ɗin Warsini ya cika da hayaƙi da shewa. Wasu na yanka kaji, wasu na naɗe kwalayen da za a raba wa maƙwabta, Bu Painem na zuba ƙullun wainar apem a tanda tana ba da labarin yadda haƙoranta na roba suka faɗa marmaro, wani kifi ya yi ta zagaya su. Ni ina falo na buɗe littafi. Layi ɗaya na karanta sau ashirin. Can na ji muryar Tyas ta tashi, na miƙe na tsaya a bakin ƙofar kicin.

"Bu, da girmanku da komai. Ku gafarce ni, amma ruwan sanyin nan ne ya kashe mini uwa. Mace mai shekara sittin da shida, da jikoki, me ya kai ta tsalle a ruwa kamar yarinya?"

Ngatirah ba ta daina yanka albasa ba. "Ni na ciro ki daga cikin uwarki, Nduk. Da ƙafa kika zo duniya, har yau ban ga kin juyo ba. Shekara goma uwarki tana sallah a kan kujera saboda gwiwa. Wata shida da shiga ruwa ta koma sa goshinta a ƙasa. Tambayi ubanki, gabansa aka yi."

Gaskiya ne. Na ga ranar da ta tura kujerar gefe. A ranar ma ban ce komai ba.

"Baba ne kaɗai ya gaya mata gaskiya," in ji Tyas. "Ta faɗa mini a waya tana dariya, ni ban ga abin dariya ba. Baba ya yi daidai. Ko ba haka ba, Baba?"

Wuƙaƙe suka tsaya. Gyale goma sha ɗaya suka juyo gare ni. Na sha tsayawa gaban ɗalibai arba'in masu ƙiriniya, ban taɓa rasa jimla ba. A ranar na tsaya ina kallon silifas ɗina. Daga wajen tanda, a hankali, wata ta ce, "Kwak."

Aka fashe da dariya. Tyas ta fice, na bi ta zuwa baranda.

"Kwanon nan nata ne, na ga irinsa a baburinta. Baba, matar nan aurenka take so. Ko kwana ɗari ba a cika ba! Me mutane za su ce?"

"Na ji ki, Nduk!" Muryar ta fito ta tagar kicin. "Maza biyu na binne, kuma kowannensu ya fi ubanki iya gaisuwa. Na ukun sai wanda ya iya iyo."

Bayan magariba maza suka cika tabarmi. Na sa rigar batik mai ruwan ƙasa wadda Warsini ta goge da hannunta ta rataye, ban taɓa ta ba sai ranar. Karin gugarta yana nan a hannun rigar. Liman ya ja, muka amsa. Bakina yana motsi da addu'a, zuciyata tana wajen wata waya da ke cikin leda. Allah ya yafe mini.

Laraba bayan asuba na turo keke a hankali, sai ga Tyas a bakin ƙofa da salatif a hannu.

"Ina za ka, Baba?"

"Sallama da wani tsohon aboki."

"Da tawul?"

"Yana da saurin kuka."

Marmaron yana nan yadda na bar shi. Ruwan garau, kana ganin yashi yana tafasa a ƙasa inda yake ɓulɓulowa, ƙananan kifaye suna yawo tsakanin ƙafafun mutane. Wani tsoho da ya girme ni da shekara goma ya yi alkafura daga kan dakali, ya taso yana tofar da ruwa yana zagin abokinsa. Na jingine keke nesa da rumfar mai ayaba. Ban ko dubi wajen ba.

"Ga Pak Guru! Da zane ya zo, jama'a!"

Da zane na zo, da farar singileti, da ƙafafuna kamar sandunan rake. Ngatirah tana tsakiyar ruwa, iya wuya, ledar wayar tana lilo a gabanta.

"Bu, ba za ki matso bakin matakala ba?"

"Ba zan matso ba. Painem, ɗaura masa."

Bu Painem ta fito tana ɗiga, ta zagaye ƙuguna da igiya. Jarka biyu, masu ruwan ɗorawa. A jikin kowace an rubuta W da jan fenti, irin rubutun da na sha yi wa gyara a takardar cefane.

Na taka matakalar farko. Sanyin ya soke ni har haƙori. Ta biyu, ta uku. Zanena ya kumbura ya taso kamar laima, na danne shi da hannu biyu, matan suka kwashe da shewa.

"Rufe mana asiri, Pak Guru, mu da muke da alwala!"

"Kar ki ba shi tsoro, zai koma ya rubuta mana waƙa."

"Saki matakalar. Saki! Ba matarka ba ce."

Wadda ta faɗi haka ta kama bakinta. Na saki.

Ruwan ya kai mini ƙirji, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata, jarkokin suna ɗaga ni ta baya kamar za su kifar da ni. Taku goma sha bakwai ne tsakanina da Ngatirah, na ƙirga. Da na isa sai na ga hannuna ya damƙe damtsenta, ni da ko musabaha da mata ba na yi.

"Ka ga ba ka mutu ba," ta ce. Ta share ledar da tafin hannu ta danna.

Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ga baƙin kallabin, ga tabarau ruwan hoda. Ana jin Ngatirah tana ihu, "Ƙafa, Warsini, ƙafa!" Ga inda ta nutse, ga inda ta taso. Ga hannunta a saiwar cediya. Sai dariyar. Ƙaramar lasifikar waya ce, cikin leda, amma ita ce. Har giɓin turmin haƙorinta na hagu ana gani. Sai ta ɗaga hannu ta ce, tana haki, "Wayyo, na sha rabin marmaron!"

"Sake," na ce.

Ta sake. Sau uku. Babu wadda ta yi tsokana. Na ji su sun zagaye mu, ruwa yana motsi a hankali.

"Me ya sa ta ce kar a saka?" na tambaya.

Ngatirah ta dube ni. Sannan ta mayar da bidiyon baya, ta tsayar da shi daidai inda Warsini take tsakiyar ruwa. Ta ɗora yatsu biyu a kusurwar sama ta buɗa su. Rumfar mai ayaba ta matso. Ta sake buɗawa. Ga baƙar laima a karkace. A gefenta ga wani ɗan faci kore, mai zanen ganye, wanda Warsini ta yanko daga tsohon zanenta ta ɗinke mini inda ɓera ya ci. A ƙasan laimar ga ƙafa ɗaya ta matso gaba.

"A ranar ta gani," in ji Ngatirah. "Muna shan shayi a rumfar can, jikinmu ko bushewa bai yi ba. Ita ta ce in buɗa mata nan. Ta ce, 'Facina ne wannan.'"

Haƙorana suna haɗuwa, ba duka don sanyi ba.

"Na ce bari in saka a guruf mu ci masa mutunci. Ta riƙe mini hannu. Ta ce, 'A'a, Bu, zai ji kunya. Ki bar shi, da kansa zai faɗa. Haka yake, a hankali yake zuwa. Shekara uku yana kawo wa babana jarida kafin ya iya cewa ni yake so.'" Ta saki wayar ta koma lilo a wuyanta. "Larabar da ta biyo baya na tambaye ta, ya faɗa? Ta ce tukuna. Ta ce, amma ya kusa, jiya ya dube ni sau biyu."

Wato da ta tsaya a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen gyale, ta san gumin da ke bayana na mene ne. Ta sani da na ce sukari ya ƙare. Ta je ta sayo sukarin. Kwana goma sha biyu tana kawo shayi tana ɗan tsayawa kafin ta koma kicin, ni kuwa ina zaton jira take in miƙa mata kofin jiya.

Na karanta mutuwar mata a littafi ya fi sau ɗari. Na koya wa yara yadda ake gane nadama a cikin baiti, na ba su maki a kai.

Daga bakin dakali wayar Warsini ta fara ƙara a cikin tawul ɗina. Na san Tyas ce, ta gano ba tawa na ɗauko ba. Ta yi ƙara ta yanke, ta sake.

"Laraba mai zuwa ka zo da wando," in ji Ngatirah. "Zanen nan zai kashe ka."

"Gobe jirgina, Bu."

"Na ji. Kwanona ma na ji an sa shi a kwali." Ta gyara igiyar jarkar da ke ƙuguna, ta ja ta tamau, fiye da yadda ake buƙata. "Tunda ka jiƙe, kar ka tafi haka. Darasin farko. Ja numfashi, sa fuskarka a ruwa, ka fitar da shi a hankali. Kowa da wannan yake farawa. In kana da magana ma ka yi ta a can, ba mai jin ka."

Na cire tabarau na miƙa mata. Na dubi cediya, ta koma wani koren duhu a can nesa, nesa ƙwarai, ban san yadda mace mai ciwon gwiwa ta kai can ba. Na ja numfashi, na sunkuya.

A ƙarƙashin ruwa shiru ne. Na buɗe ido na ga yashi yana tafasa, da ƙafafuna farare, da inuwar jarka biyu. Na buɗe baki. Kumfa ce kawai ta fito, ta bi gefen fuskata ta haye sama ta fashe.

Kalma shida ce, ba sa buƙatar littafi ko ɗaya. Da na faɗe su a wancan hantsin, ko da kaina a sunkuye ne, da sun isa.

Na je, Bune. Na gan ki.